Yadda Ake Gano Matsalar Sansar Giya a Ƙaramar Mota Mai Giyar Otomatik

A jikin giyabos ɗin motar otomatik akwai wata 'yar sansa wadda aikinta shi ne ta sanar da kwamfutar mota inda direba ya ajiye hannun giya, wato ko yana kan P (fakin), R (ribas), N (ba a cikin giya ba) ko D (tafiya gaba). Idan saƙonta ya rikice, fitilar injin takan kama a dashbod, motar takan ƙi tashi a P amma ta tashi a N, fitilun ribas su daina kamawa, wani lokaci kuma motar ta maƙale a giya ɗaya, galibi ta uku, ta riƙa jan ciki da ƙyar.

Kafin ka taɓa komai, ka ajiye motar a wuri mai lebur, ka ja birkin hannu, ka kuma tokare tayoyi da dutse ko katako, domin motar da sansarta ta lalace tana iya tashi alhali tana cikin giya. Daga nan sai ka jona na'urar karanta matsala a soket ɗin OBD-II mai rami 16, wanda yawanci yake ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0705 tana nufin akwai tangarɗa a layin sansar, P0706 tana nufin saƙon da take aikawa bai dace da abin da motar ke yi ba, P0707 wutar saƙon ta yi ƙasa, P0708 ta yi sama, ita kuwa P0709 matsala ce mai zuwa ta tafi. Idan P0700 ta fito tare da su, kada ta ɗauke maka hankali, domin ita ishara ce kawai cewa kwamfutar giya ta ajiye wani ƙorafi. Ka rubuta lambobin a takarda kafin ka goge su.

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu, domin da zarar sun ga sunan sansa a fuskar na'ura sai su garzaya su sayo sabuwa, alhali lambar tana nuna layin ne gaba ɗayansa, tun daga hannun giya da keburinsa har zuwa wayoyi da soket. Abin da ya fi dacewa shi ne ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka buɗe shafin da na'urar ke nuna bayanai kai tsaye, ka taka birki, sannan ka riƙa jan hannun giya sannu a hankali daga P har ƙarshe, idonka yana kan fuskar na'urar. Idan hannun yana kan R amma na'urar ta nuna N, ko kuma harafin ya ɓace har sai ka ɗan jijjiga hannun kafin ya dawo, to ka fara zargin saiti. Ka sa wani ya riƙa motsa hannun giyar, kai kuma ka leƙa ƙarƙashin bonet inda keburin ya haɗu da ƙarfen giyabos. Akwai wata 'yar roba a bakin keburin wadda takan cinye ko ta farfashe saboda zafi, kuma idan ta tafi za ka ga keburin yana lilo kafin ya ja ƙarfen.

Idan keburin lafiya yake, ka cire soket ɗin sansar ka haska cikinsa da tocila. Koren tsatsa a kan ƙarafan, danshin da wankin injin ya bari, ko jiƙewar man giya, kowanne ya isa ya haifar da P0709. Ka duba fis, ka bi wayoyin da yatsa ka ji ko akwai inda suka gogu. Sai ka ɗauko mitar gwada wuta tare da taswirar wayoyin motarka, domin wasu sansoshin makunnai ne masu aiki da volt 12, wasu kuma volt 5 kwamfuta ke ba su, kuma launin wayoyi yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan wuta tana shiga yadda ya kamata amma saƙo bai fita a wani matsayin giya ba, a lokacin ne laifin ya tabbata a kan sansar.

Wajen ɗaura sabuwa, a yawancin motoci ana sa giya a N, a daidaita layin da ke jikin sansar da sandar giya, sannan a ɗaure kusoshinta biyu, waɗanda ramukansu dogaye ne don a samu damar juya ta kaɗan. Idan kuwa sansar motarka tana cikin giyabos ne, aikin na buƙatar zubar da man giya da buɗe murfi, kuma gara a bar wa ƙwararren bakanike. Bayan ka goge lambar, ka gwada tayar da motar a kowane matsayi ƙafarka tana kan birki. Dole ta tashi a P da N kaɗai, fitilun ribas kuma su kama a R.