Kurakuran da masu koyon fiyano ke yi wajen zaɓen kiɗan Turai na da

Da yawa daga masu jingine fiyano ba rashin baiwa ne ke korarsu ba. Kiɗan da suka ɗauko ne ya fi ƙarfin yatsunsu.

Babban kuskure shi ne barin kunne ya yi zaɓe shi kaɗai. Mutum zai ji Fantaisie-Impromptu na Chopin, shahararren mai tsara kiɗan fiyano, a YouTube, ya rantse sai ya buga. A kiɗan nan hannun dama na buga sauti huɗu a daidai lokacin da hagu ke buga uku, kuma a guje. Sabon shiga sai ya share watanni a shafin farko, wuyan hannunsa ya sage, yatsunsa su haddace kuskure, cire shi kuma ya fi koyon sabo wuya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kafin ka ɗauki kiɗa, buɗe takardarsa ka bi shafin farko da hannu ɗaya-ɗaya, sannu a hankali. In ka yi zama biyu ko uku ba ka kai ƙarshen shafin ba, ajiye shi sai baɗi. In dai Chopin ɗin kake so, fara da Prelude na huɗu a jerin Op. 28 (Op. lamba ce da ake ba ayyukan mai tsara kiɗa), gajere ne kuma tafiyarsa a natse take.

Wasu kuma farkon kiɗa ne ke yaudararsu. Für Elise da Beethoven ya rubuta a 1810 yana buɗewa da sauƙi, shi ya sa duk inda ka shiga rabinsa na farko kake ji. Tsakiyarsa akwai gudun yatsu da maimaita sauti guda da hannun hagu, a nan ake zubewa. Sonata ɗinsa (dogon kiɗa mai kashi-kashi) da ake wa laƙabi da Moonlight ma haka: kashi na farko a hankali, na uku kuwa na ƙwararru ne. Ko na farkon bai kai sauƙin da ake zato ba, domin ƙaramin yatsa ne zai fito da waƙar yayin da sauran yatsun hannun ke yin ƙasa da murya. Saboda haka fara duba wuri mafi wuya, shi zai gaya maka gaskiya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne raina kiɗan da aka rubuta don ɗalibai, wai na yara ne. Manya ne fa suka rubuta su. Akwai littafin da Bach ya haɗa wa matarsa Anna Magdalena a 1725, inda sanannen gajeren kiɗan rawa, Minuet na G, yake, wanda daga baya aka gano na Christian Petzold ne. Akwai ƙananan sonata shida na Clementi, Op. 36, da kiɗan atisaye guda 25 na Burgmüller, Op. 100, da kundin da Schumann ya yi wa matasa a 1848. Bartók ɗan ƙasar Hangari ya jera guda 153 a littattafai shida na Mikrokosmos, daga mafi sauƙi zuwa na dandali. Gajerun kiɗa goma da ka kammala da tsabta sun fi dogo ɗaya da ka bari a hanya. Kada ka tsallake Inventions 15 na Bach masu murya biyu, wato kowane hannu da waƙarsa, idan ka ɗan yi ƙwari, su ne ke hana hannun hagu zama ɗan rakiya.

Ka kuma duba abin da ke gabanka. Kibod mai madanni 61, irin na situdiyo da coci-coci, zai ɗauki Inventions ɗin nan lafiya lau. Kiɗe-kiɗen Liszt da Rachmaninoff kuwa suna neman madanni 88 masu nauyi, da feda, da tafin hannu mai faɗi.

Takardun da aka sauƙaƙa ba laifi ba ne, muddin ka san ba asalin kiɗan kake bugawa ba. Don auna matsayinka, duba jerin kiɗan jarrabawar hukumar ABRSM ta Landan, mai shirya jarrabawar kiɗa, mai aji ɗaya zuwa takwas. Nemi kiɗan da ka riga ka iya a ciki, ka zaɓi na gaba daga ajin ko wanda ke binsa.