Ƙullu ya narke, zare ya ƙi fita: kurakuran masu kaɗa selulos da narkakken gishiri

Makon jiya wani ɗalibi ya shigo ofishina riƙe da ɗan kwano, baki har kunne. "Malam, ga zaren ya fito." Na leƙa, sai ga wasu fararen igiyoyi kwance cikin ruwa kamar taliyar da ta dahu ta lugwigwice. Na ɗauki sili ɗaya, ban ma ja ba ya rabu biyu. Shi ne na huɗu a bana da ya kawo mini irin wannan kwano. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta, mai ji ya ji.

Ga wanda bai san harkar ba, selulos shi ne ƙashin bayan auduga da itace da karan dawa. Ruwa ba ya narkar da shi, in kuwa ka sa masa wuta, ƙonewa zai yi kafin ya narke. Mai son mayar da itace ko tsumma sabon zare dole ya nemo abin da zai narkar da shi, ya matso ƙullun ta ƙananan huji, sannan ya sake daskarar da shi. Tsohuwar hanyar biskos tun 1892 take, kuma da kabon daisalfaid ake yinta, mai taɓa jijiyoyin ma'aikata. Hanyar layosel ta zo da wani sinadarin narkarwa mai suna NMMO, wanda ya fi tsabta amma in zafi ya yi masa yawa yana iya yin bindiga. Narkakken gishiri kuwa, wato ayonik likwid, gishiri ne da ke zama ruwa a ƙasa da digiri 100 ba tare da an zuba masa ko ɗigon ruwa ba. Tun 1934 Charles Graenacher ya yi rajistar narkar da selulos da irin wannan gishiri, aka share shi, sai a 2002 da Robin Rogers da abokan aikinsa a Jami'ar Alabama ta Amurka suka nuna wani irin gishirin mai kuloraid, BmimCl, na yin aikin, sannan kowa ya ruga.

To, a nan ne na fara shan kashi, kuma ruwa ne ya ba ni.

Kwalbata ta farko ta BmimCl, wata biyar na yi ina jiranta, da dala aka saya, sai da na bi ofis-ofis kafin a sa hannu. Da ta iso farin daskararre ne kamar ƙanƙara, don sai wajen digiri 70 yake narkewa. Watan Agusta ne, damina ta kankama. Na buɗe na ɗebi kaɗan, na mayar da murfi sama-sama na tafi gida. Bayan kwanaki na dawo na tarar saman kwalbar ya zama ruwa. Wallahi murna na yi, na ce Allah Ya hutar da ni ɗumamawa. Ashe danshin iska ya zuƙa ya ƙoshi. Na zuba auduga, ta kumbura ta tsaya nan, awa shida tana kallona. Maimakon in tambayi kaina me ya faru, sai na yi abin da kowane sabon shiga ke yi: na ƙara wuta. Na kai digiri 130, na bar shi ya kwana. Da safe ya narke kam, amma launinsa ya tashi daga na zuma ya koma na maɗi. Da na zuba a ruwa, abin da ya fito marmashewa yake tsakanin yatsu. Zafin ya daddatse sarƙar selulos ɗin. Kuskure biyu a tukunya ɗaya, kuma zangon karatu guda ya tafi a banza.

Abin haushin, maganar na nan a rubuce tun aikin su Rogers na 2002: ruwan da ya haura kusan kashi 1 cikin 100 yana kashe ƙarfin BmimCl. Dalilin ba shi da wuya. Kuloraid ɗin da ke cikin gishirin shi ne ke kutsawa tsakanin sarƙoƙin selulos ya raba su. Ruwa na shigowa, sai kuloraid ya saki selulos ya rungumi ruwa. Abin da ke daskarar da zarenka a ƙarshe ke nan, kai kuma ka gayyato shi tun farko. Gishirin da ke da asetet a madadin kuloraid, irin su EmimOAc, sun fi haƙuri da danshi, amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa.

Kuma ba ta kwalba kaɗai ruwa ke shigowa ba. Audugar da ke kan tebur, wadda kake gani a bushe ƙayau, tana riƙe da danshi wajen kashi 7 cikin 100. Auna giram 13 ka zuba cikin giram 87 na gishiri, ka shigar da kusan giram guda na ruwa da hannunka. Ni al'adata, gishirin yana kwana biyu a oben mai zuƙe iska a digiri 70 zuwa 80. Selulos kuma ina busar da shi a digiri 60 dare guda. Na san da yawa a digiri 105 suke yi, amma ni na lura wanda aka gasa haka yana ƙanƙancewa ya yi taurin kai wajen narkewa. Kwalba kuwa ranar da ta iso nake rarraba ta a ƙananan kwalabe, kowace a buɗe ta sau ɗaya. In kuna da na'urar Karl Fischer, ku auna ruwan kafin kowane gwaji, ba sau ɗaya a shekara ba. In babu, a yi ta aunawa a sikeli har nauyi ya daina sauka. In an ɗauke wuta cikin dare kuma famfon zuƙe iskar ya tsaya, a ɗauka ba a busar ba, a sake daga farko. Na ga wanda sakamakonsa na Janairu ya yi kyau, na Yuli ya lalace, ya cika shafi uku yana ƙirƙiro dalilan kimiyya. Hunturu ne kawai ya taimake shi, damina ta tona masa asiri.

Kada ka yarda da idonka wajen cewa ya narke. Ɗiga ɗigo a gilashi, ka duba a maikuroskof mai tace haske. Duk silin da bai narke ba zai yi ta ƙyalli a cikin duhu kamar tauraro.

Yanzu mu dawo kan kwanon taliya, don nan ne raina ya fi ɓaci.

Ɗiban ƙullu mai selulos kashi 3 ko 4 cikin 100 a sirinji, a tsoma allura cikin kofin gilashi mai ruwa a matsa, wannan ba kaɗi ba ne. Ku daina rubuta mini "an samar da zare" a kansa. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa da mazari ya san ƙarfin zare daga ja yake fitowa, ba daga auduga kawai ba. Haka nan ma. Sarƙoƙin selulos a cikin ƙullu a cukurkuɗe suke, sai an ja su sun jeru kafin ruwa ya daskarar da su. Shi ya sa ake barin tazarar iska tsakanin bakin huji da saman ruwa. Dubi yadda ayarin Herbert Sixta na Jami'ar Aalto da na Ilkka Kilpeläinen na Jami'ar Helsinki a Finlan suka riƙa yin zarensu mai suna Ioncell da narkakken gishirin DBNH-asetet: ƙullu mai selulos wajen kashi 13, a matso shi da ɗuminsa, ya ratsa iska kamar santimita guda, ya faɗa ruwan sanyi na wajen digiri 15, ga abin naɗi yana jan sa ninki goma ko fiye da saurin fitowarsa. Da haka ƙarfin zarensu ke haura 40 cN/tex, wato ma'aunin ƙarfin zare, alhali biskos na yau da kullum 20 da 'yan kai yake. Da wannan zaren, daga wani itacen ƙasarsu da ake kira bac (birch), aka ɗinka rigar da Jenni Haukio, matar shugaban ƙasarsu na lokacin, ta sa a bikin ranar 'yanci na 2018. Sirinji ba zai kai ka can ba.

Ɗalibin nan ya ce mini, "Malam, ai ba mu da injin." Gaskiya ne, ba mu da shi. Amma famfon tura sirinji muna da shi, ƙaramin injin lantarki mai juya kwarkwaro kuma bai fi ƙarfin makanikin bakin titi ba. Ɗaga allurar daga ruwa, ka kaurara ƙullun, ka ja. Ko ninki uku ka samu, ka fita daga sahun masu taliya. Kafin in ɓata lokaci a kan kowane ƙullu, sai na tsoma sandar gilashi in ɗaga. In ya biyo sanda da yauƙi kamar miyar karkashi, ya yi tsawo bai tsinke ba, akwai alamar zare. In ya ɗiga kamar koko, ya yi ruwa. In ya tsinke ya koma baya kamar roba, sarƙar ta yi tsawo ko ƙullun ya yi sanyi. Wannan gwajina ne, ba za ka same shi a littafi ba, kuma ba ya maye gurbin na'urar auna danƙo.

Maganar tsawon sarƙa ta kawo mu kan ƙyallayen tela. Kowane ɗalibi yanzu so yake ya kaɗa sabon zare daga tsumma, kuma tunani ne mai kyau, ga ƙyallaye nan buhu-buhu a shagunan ɗinki. Sai dai sarƙar sabuwar auduga ta fi ta markaɗen itacen da masana'antu ke amfani da shi tsawo nesa ba kusa ba. Zuba ta haka, tun kafin ka kai kashi 8 ƙullun ya zama danƙo. Sai an rage mata tsawo da asid na salfa mai ruwa-ruwa, a hankali, ana aunawa, har ma'aunin danƙonta ya sauko wajen 450 mL/g. Bambancin wannan da abin da na yi a digiri 130 shi ne, nan kai ke riƙe da wuƙar. Kuma kafin komai ka ƙona bakin ƙyallen da ashana. Auduga warin ƙonanniyar takarda take yi ta bar toka. In ya narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo, akwai foliyesta, ba zai narke a gishirin ba, matatarka zai toshe. Shadda kuma a wanke sitacinta tukuna. Masu karan dawa da ɓawon rake, ku ma ku ji: niƙa kara a zuba a gishiri ba bincike ba ne, sai an dafa an cire toka da lignin, wato ƙaron da ke manne selulos a jikin kara.

Tace ƙullu kafin kaɗi, ƙwaya ɗaya ta isa ta toshe hujin da bai fi kaurin gashin kai ba. Cire kumfa, don duk inda kumfa ta biyo nan zare zai tsinke. Kada ka bar mai kuloraid ya kwana a jikin ƙarfe, yana ci. In ka sirka da DMSO, wani ruwan sinadari na narkarwa, don ƙullu ya saki, faɗi haka a rahotonka.

Wanki ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Zaren da ya yi laushi da santsi fiye da kima, sau da yawa gishiri ne ya rage a cikinsa. A yi ta canja ruwa, da ɗumi, har ruwan wankin ya daina ɗaukar lantarki fiye da ruwan da aka zuba. Mai aiki da kuloraid ya ɗiga silba naitret, in ya yi fari-fari da saura. Gwajin ƙarfi kuma a digiri 20 da danshi kashi 65 ake yinsa bayan zaren ya kwana a wurin. Lambar da ka samu da tsakar ranar Afrilu, taga a buɗe, ba ta kwatantuwa da ta kowa.

Akwai kalmar da nake jan layi ja a ƙarƙashinta a kowane kundi: "mai kare muhalli". An ce gishirin ba ya tashi sama kamar sauran sinadarai, shi ke nan sai a ɗauka halal ne a tuttular da ruwan kwamin da zare ke daskarewa a ciki a sinki. Yawancin dangin imidazoliyom, irin su BmimCl, ba sa ruɓewa da sauƙi, kuma suna cutar da halittun ruwa. Masana'antun layosel suna dawo da fiye da kashi 99 na NMMO ɗinsu, duk wanda bai kama hanyar haka ba ya yi shiru da maganar muhalli. Dawo da gishirin kuma yana da nasa tarkon. DBNH-asetet in ya haɗu da ruwa da zafi na dogon lokaci, zoben DBN ɗin yana buɗewa ya rikiɗe ya zama wani abu da ba ya narkar da komai, dalilin da ya sa masu Ioncell suka karkata ga irin su mTBDH-asetet. Saboda haka ban yarda a tafasa ruwan kwami a kan hita ba. A ƙafar da shi a injin juyi mai zuƙe iska, zafi kada ya wuce digiri 60, kuma kada ruwan ya yi mako yana jira a jarka. Kowace kwalbar da aka dawo da ita, a rubuta a jikinta zagaye na nawa ne da ranar da aka busar, da alƙalamin da gishirin ba ya gogewa.