Kurakuran da sabon alƙalin wasan softbol ya fi yi

A softbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda a ruga daga zango zuwa zango, yawancin kurakuran sabon alƙali daga gaggawa suke fitowa. Ƙwallo na cikin iska, shi ya riga ya yanke hukunci. A wasan mata na jifan sauri, tazarar mai jifa da faifan gida, inda mai bugu ke tsayawa, ƙafa 43 ce kacal, kuma ƙwallon kan tashi ko ya nutse daf da isowarsa. Ka bi shi da ido, kanka a tsaye, har ya shige safar mai cafewa, sannan ka ce sitiraik (jifan da aka ƙirga a kan mai bugu) ko bol (jifan da ya kauce, aka ƙirga a kan mai jifa). Haka ma a zango: kar ka ɗaga hannu ka fitar da mai gudu sai ka tabbata ƙwallon na hannun ɗan tsaro gam, domin sau da yawa ana kiran awut, wato mai gudu ya fita, alhali ƙwallo na birgima a ƙasa.

Sai wurin tsayuwa. Tsoron ƙwallo kan sa alƙalin gida ya ɓuya a bayan mai cafewa, sai gefen waje na faifan ya ɓace masa. Wurinka shi ne ratar da ke tsakanin mai bugu da mai cafewa, idanunka daidai saman yankin sitiraik, wato sararin saman faifan da jifa mai kyau ke ratsawa. Faɗin faifan inci 17 ne, kuma ko gefen ƙwallo ne ya ratsa ta bakinsa, an ƙirga shi.

Alƙalin zango kuwa yakan matsa kusa da yawa, yana zaton kusanci ne gani. Kusurwa ta fi. A zango na ɗaya ka ja baya kamar ƙafa 18, ka tsaya ta gefen hanyar jifan, idonka kan ƙafar mai gudu da ta ɗan tsaro, kunnenka na jiran ƙarar ƙwallo cikin safa. Ka tsaya cak kafin abin ya faru. Alƙalin da ke gudu ba ya gani sosai. In ƙwallo na cikin filin da zangunan suka kewaye, ka zauna a wajensa. In ya fita can nesa, ka shigo ciki ka juyo, domin ƙwallo da mai gudu su kasance a gabanka.

A dokoki, inda aka fi rikicewa shi ne tare hanya da katsalandan. Ɗan tsaron da ba shi da ƙwallo, ba kuma bugaggen ƙwallo yake kamawa ba, in ya tare mai gudu, ka miƙe hannun hagu gefe ka bar wasa ya ci gaba, daga baya ka ba mai gudun zangon da zai kai da ba a tare shi ba. In mai gudu ne ya hana ɗan tsaro kama bugaggen ƙwallo, nan take ka tsai da wasa, ya fita. Sabbi kan tsai da wasa da wuri a na farkon su kashe wasa mai rai.

Ana kuma mantawa da dokar da'ira. Da zarar mai jifa ya riƙe ƙwallo cikin da'irarsa mai ƙafa 8 daga tsakiya, ba ya kuma yunƙurin jifa, mai gudun da ya tsaya tsakanin zango dole ya wuce ko ya koma nan take. Ya yi jinkiri, ya fita.

Sitiraik na uku da ya kuɓuce wa mai cafewa ba ya fitar da mai bugu in zango na ɗaya babu kowa, ko in mutum 2 sun riga sun fita, saboda haka kar ka yi saurin cewa awut.

Ƙwallon da ya faɗa cikin layi ba a furta shi da baki, nuni kawai ake yi da hannu, don kar 'yan wasa su ji kamar fawul (ƙwallon da ya faɗa wajen layi) ka ce su daina gudu. Kariyar fuska da abin ƙirga sitiraik da bol a hannun hagu suke zama, dama na hukunci ne.