Kafin ku ɗauko tsohon karen farauta a Ingila

'Yan uwa sababbin zuwa, da yara sun fara ganin maƙwabta suna fita yawo da karnuka, sai su matsa wa iyaye a samo musu kare, iyaye kuma su kira ni. Ku fara daidaitawa da iyalinku da malaminku. A can gida kare na gadi ne ko na farauta, a waje yake kwana. A nan cikin ɗaki zai zauna da ku, kuma gidan ceton dabbobi ba zai ba ku shi ku ɗaure a bayan gida ba. Ina alfahari da gidajen Hausawan da na sani, sun ware ɗakin sallah da kare ba ya shiga, kuma suna kula da dabbar tsakani da Allah.

Samun karen ba wuya. Akwai gidajen ceto irin su Greyhound Trust, da Dogs Trust, da Battersea a Landan. Ka cike fom, a duba gidanka, ka biya kuɗin karɓa. Greyhound, wanda nake magana a kansa, dogon kare ne mai siririn ƙugu, kamar karnukan Abzinawa na yankin Azawak. Tsere ake sa su, su yi ritaya wajen shekara 4 ko 5, alhali suna kaiwa shekara 12 ko fiye. Tsohonsu barci ne aikinsa, gajeren yawo safe da yamma ya ishe shi.

Inda ake kuka shi ne wurin mai gidan haya. Wakilin mai gidana ya ce mini a waya ba matsala, in kawo karen. Da aka zo duba gida bayan wasu watanni, sai ga wasiƙa: yarjejeniyar haya ta hana ajiye dabba, ko in rabu da shi ko in tashi. Wanda muka yi magana da shi ya bar aikin, ba mai shaida. Na tashi. Neman gida da kare a hannu wahala ce da ba na so wani ya sha, domin da ka ambaci kare sai a ce an riga an ba wani. Yanzu ina ganin wasunmu suna cewa ai mai gidan mutumin kirki ne, mun gaisa. Gaisuwa ba ta tsaya maka a nan. Ka karɓi izini a rubuce, da irin karen a jiki. Dokar haya ta 2025 ta ba mai haya damar neman izini, ta hana mai gida ƙi ba dalili, amma ba ta ce ka shigo da kare ka sanar daga baya ba. In a bene kake mai gidaje da yawa, dokar ginin kanta tana iya hanawa ko da mai gidanka ya yarda. Ka ɗauki hoton ƙofofi da kafet tun kafin karen ya shigo, don daga kuɗin ajiyarka za a cire duk ɓarna.

Sai takardunsa. Tun 2016 dole kowane kare ya zama da maikurocif a jikinsa, wato 'yar ƙaramar na'urar shaida da ake sa masa a ƙarƙashin fata, tarar rashinsa tana kaiwa fam 500, kuma in ka sauya gida sai ka sauya adireshin. Abin wuyansa ma sai da sunanka da adireshinka.

NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ba ta duba dabbobi. Tsohon greyhound yakan yi fama da ciwon haƙori, inshorarsa ta fi ta ɗan kwikwiyo tsada, kuma ba ta biyan ciwon da ya zo da shi. PDSA, ƙungiyar agaji mai duba lafiyar dabbobi, tana taimaka wa masu karɓar tallafin gwamnati ne, yawancinmu kuwa bizarmu ta hana mu wannan tallafin. Ka yi lissafi tun kafin yara su shaƙu da shi.

Kada ka kwance masa igiya a fili. Da ya hango kyanwa ko kurege ya tafi, kira ba ya dawo da shi. Shi ya sa ake ba ka takunkumi tare da shi. In kuma za ku tafi gida hutun Sallah, kuɗin wurin ajiye shi yana cikin kuɗin tafiya. Idan riƙon ya gagara, kada a miƙa shi ga aboki: yawancin gidajen ceton sun rubuta a takardar da ka sa wa hannu cewa wurinsu za a mayar da shi.