Farautar gawurtaccen namijin barewa da kyamarar daji a Amurka

Namijin da ya kai shekara 4 zuwa 5 ya sha jin warin mutum, shi ya sa yawancin hotunansa na dare ne. Kyamarar daji, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan dabba ta gifta, za ta nuna maka ƙahonsa, amma ba ta nuna inda yake kwana da rana, kuma can ne farautar take.

Ɗaura kyamarar a jikin bishiya, tsayin kamar mita 1, ta fuskanci arewa don kada hasken rana ya cika katin ajiyar kyamarar da hotunan banza. Wurin da ya fi dacewa shi ne inda maza ke tone ƙasa su yi fitsari a ƙarƙashin reshe. Kada ka riƙa zuwa dubawa kullum. Bari mako 2 ko 3, ka je da tsakar rana sanye da takalmin roba don kada ka bar warinka. Yawan zirga-zirga ne ke sa ya sauya hanya.

Hoton ƙarfe 2 na dare ba dalilin zaman jiransa a wurin ba ne. Nemi wanda aka ɗauka dab da magariba, ka bi sawun baya, sannan ka zauna inda iska ke kaɗowa daga wajensa zuwa gare ka. A Nuwamba, lokacin barbara, yakan fito da rana.

Duba dokar jiha tukuna: Arizona ta haramta kyamarar farauta tun 2022.