Gyaran bodin faiba na motar haɗi kafin a fesa mata fenti

Motar haɗi ita ce wadda kamfani ke sayarwa a warwatse, shasi daban, bodi daban, mai ita ya nemo inji da giya ya harhaɗa a garejinsa. A Ingila da Amurka abin ya fi karɓuwa, tun daga motar Meyers Manx da Bruce Meyers ya ƙera a 1964 da kayan Volkswagen Beetle, har zuwa kwaikwayon motar Cobra irin wanda kamfanin Factory Five ke sayarwa. Akasarin bodinsu na faiba ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da rezin (wani ruwa mai danƙo da ke daskarewa ya yi tauri) aka zuba a mazubi, da wata fata mai sheƙi a waje da ake kira jelkot, kaurinta kamar rabin milimita. Faiba ba ta tsatsa, amma tana motsi. Rezin na foliyesta yakan ci gaba da bushewa yana tsukewa bayan an fito da shi daga mazubi, kuma duk abin da aka rufe da gaggawa, rana za ta tona shi a ƙarƙashin fenti.

Saboda haka aikin farko shi ne jira. A ajiye bodin a rana na 'yan makonni, bisa shasi ko bisa katakon da ya tallafe shi daidai don kada ya lanƙwashe. Ramukan iska da ke ɓoye sukan kumbura su nuna kansu a wannan lokacin.

Kada samfefa ta taɓa shi kafin a wanke. Akwai kakin da aka shafa wa mazubi don bodin ya fita, kuma yana nan manne a jelkot. In ka goge a kansa, ka tura shi cikin ƙarcen samfefa ke nan, daga baya fenti ya riƙa gudu yana barin 'yan ramuka kamar idon kifi. A wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano sau biyu, sannan a bi da ruwan cire maiƙo: tsumma ɗaya na shafawa, wani busasshe na ɗaukewa kafin ya bushe.

Sai a ɗaure bodin a kan shasi da dukkan kusoshinsa, motar tana tsaye a kan tayoyinta. A rataye ƙofofi da bonet da but, da hinjinsu da makullansu da robar gefensu. Kamfanoni kan turo su da ɗan rara a baki don a rage. Tazarar da ake nema tsakanin ƙofa da bodi milimita 4 zuwa 5 ce, a tuna firaima, wato shafin da ake yi kafin fenti, da shi kansa fentin za su cinye wani abu daga ciki. A rage da kaɗan-kaɗan da samfefa mai lamba 80 (ƙaramar lamba ta fi kaushi) a jikin katako, ana gwadawa. Wanda ya yi aikin fila, wato kwaɓin da ake cike ramuka da shi, bodin yana ƙasa, ranar da ya ɗaure shi zai tarar komai ya goce.

Inda aikin yake da gaske shi ne ɗinkin mazubi, wato layin da ya taso a inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, galibi a saman mudugad. Goge shi ya yi daidai da jiki bai wadatar ba, domin a ƙarƙashinsa akan sami jelkot da ya taru, da kaki, da kogon iska. A kafa tef a gefe da gefe, a gurza layin da lamba 40 har ya zama ɗan kwari mai faɗin yatsu biyu, a ga zare mai tsabta. Sannan a bi duk jikin ana ƙwanƙwasawa da sulalla. Inda sautin ya mutu, akwai rami. A fasa shi da tsinin sukudireba, kada a tausaya masa. Haska tocila ta ciki a cikin duhu ma yana nuna wuraren da suka yi sirara.

Idan kwarin bai wuce milimita biyu ko uku ba, fila mai gauraye da zare ta isa. Idan ya fi haka, ko faibar ta karye, sai an sake shimfiɗa zare. A fiƙe bakin wurin ya kwanta, faɗin gangaren ya ninka kaurin bodin sau 12: bodi mai kaurin milimita 4 yana son gangaren kusan milimita 50. A yi amfani da tabarmar zare mai nauyin giram 300 ko 450 a murabba'in mita, a yage ta da hannu maimakon almakashi don bakinta ya saje. Rezin yakan ci ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyin tabarmar. Hadinarsa, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, mai suna MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo guda, kuma da sirinji ake aunawa. A zafin digiri 25 kana da kamar minti 15 zuwa 20 kafin ya daskare. A zafin bazara irin na Sakkwato ko Maraɗi ba za ka sami wannan ba, don haka a kwaɓa kaɗan, a yi da sassafe, a tsaya a kashi 1, kada a sauka ƙasa da shi, in ba haka ba zai zauna da danƙo. In kuma hadina ta yi yawa, rezin ya ɗau zafi ya tsattsage. Da buroshi ake daddanna shi, ba shafawa ba, sannan a bi da ƙaramar rola ta ƙarfe har farin zaren ya ɓace. Farin tabo iska ce. MEKP na iya makantar da ido, a sa tabarau da safar hannu.

Tsagar jelkot mai kama da saƙar gizo-gizo ba ta rufuwa da firaima, komai kaurinta. A gurza har ƙarƙashinta, a wuce ƙarshen kowace tsaga da milimita 25, a shimfiɗa siririn mayafin zare da rezin, sannan fila.

Ita fila, hadinarta kusan kashi 2 cikin ɗari ne. In ta yi yawa takan huda ta ɓata launin fenti, musamman fari. A kwaɓa a kan roba ko ƙarfe, kwali na shanye rezin ɗin. A ninka ta da faranti, kada a juya kamar kunu, juyawa ke sa iska. Shafi biyu masu sirara sun fi ɗaya mai kauri.

Guga da dogon katako ake yi, mai tsawon santimita 40 ko fiye, ana tafiya a karkace, hagu sannan dama. Tafin hannu da injin guga suna bin tudu da kwari ne, ba sa daidaita su. A barbaɗa baƙar hoda kafin a fara: inda ta rage bayan guga, kwari ne. Fila da lamba 80 sannan 180, jelkot duka da 180 har sheƙinsa ya mutu, ba tare da an cinye shi ba, domin shi ne garkuwar zaren.

Daga nan a fesa firaimar foliyesta mai kauri, shafi biyu ko uku, da bindigar feshi mai baki milimita 2 zuwa 2.5. A bar ta kwanaki, a sake fitar da bodin rana, a goge da 180 sannan 320, a bushe. Ruwa haramun ne a nan. Fila da wannan firaima da tsiraicin zare duk suna shan ruwa, kuma shi ne ke fitowa bayan watanni a matsayin ƙananan ƙuraje a fenti. Haka ma ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa, a zubar da shi kullum, a sa matata a kan tiyo. Kowane ƙaramin rami da ya bayyana a cike shi da fila mai laushi, firaima ba ta shiga cikinsa. A bi da firaima mai hadina ta yuretan, a goge da 400 zuwa 600, ko 800 in fentin mai ƙyalli ne. Hadinar wannan firaima tana da guba ga huhu, takunkumin ƙura ba ya tare ta, mai jawo iska daga waje ake so.

Abu biyu da ake mantawa. Bakin da aka yanke a zagaye shi kaɗan a rufe da rezin, don fenti ba ya zama a kan kaifi. Cikin mudugad kuma a shafa masa baƙin fenti mai roba, kauri sosai, domin tsakuwar da taya ke watsawa daga ciki ita ke fasa fenti ta waje kamar tauraro.

Ranar feshi, a sani faiba na tara lantarki idan an goge ta, tana jawo ƙura. A share ta da ruwan kashe wannan lantarki, a ba ta aƙalla rabin awa ta sha iska, a yayyafa ruwa a daɓen ɗakin, a bi da tsumma mai danƙo sau ɗaya a hankali. Man goge taya da na dashbod masu silikon a fitar da su daga ɗakin tun kwana biyu kafin nan.