Darasi na Bakwai: Shiri Tun Kafin Naƙuda

Naƙuda ba ta sallama, kuma sau da yawa cikin dare take zuwa. A daren ne ake gane ko gida ya yi shiri, kuma ko asibitin gari yana aiki. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin haihuwa 100,000, mata 512 ne ke rasuwa. Yawancinsu zubar jini ne ya tafi da su, ko jijjiga, ko doguwar naƙuda, ko zazzaɓin bayan haihuwa. Duk waɗannan suna da magani idan an kai mace a kan lokaci.

Zuwa awo

Mai ciki ta fara zuwa awo tun cikin bai wuce wata uku ba. Da sau huɗu ake cewa, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau takwas. A wurin awo ana duba hawan jini da yawan jini da fitsari. Ana yin allurar tetanus, a ba da ƙwayar ƙarin jini, daga wata na huɗu kuma a riƙa ba da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A adana katin awo inda hannu zai kai gare shi ko a cikin duhu.

Idan mai ciki ta ga jini, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ciwon kai ya yi tsanani har gani ya dushe, ko ɗa ya daina motsi, ba a jiran ranar awo. A tafi a ranar.

Maganar izini da kunya

Nan ne ya fi kamata magidanta su saurara. Mata da yawa sun kwana suna naƙuda a ɗaki saboda maigida ya tafi cin rani ko kasuwa, kuma ba wanda ya iya cewa a fita da su. Wata kuma ta fari ce, tana jin kunyar surukarta, ta danne ciwo ta yi shiru don a ce tana da dauriya. Kunya ado ce, amma ba a daren haihuwa ba.

Maganin wannan kalma ɗaya ce, kuma kyauta ce. Maigida ya faɗa tun cikin yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta: "Inna, ko ina nan ko ba na nan, in naƙuda ta tashi a kai ta asibiti, na ba da izini." Idan za ta je goyon ciki gidan iyayenta, can ma a isar da saƙon.

Me ya sa ake gaggawa? Jinin da ke ɓallewa bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. A asibiti, da zarar jariri ya fito, ana yi wa uwa allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, jinin ya tsaya. Inda babu allurar ana ba da ƙwayoyi uku na misoprostol. A kula sosai: ba a shan su sai jariri ya fito, an kuma tabbatar babu na biyu a ciki. Shan su kafin nan yana iya fasa mahaifa.

Naƙudar da ta wuce awa 12 ita ma ta asibiti ce. Kan ɗa yakan danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan sai yoyon fitsari. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, sai dai ya ƙara ɓarna. Wadda ta riga ta kamu da yoyon fitsari, ana yin aikin gyara a wurare irin su asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, kada a ɓoye ta a ɗaki.

Asibitin naku ne

Wani zai ce, "Mun je da dare mun tarar da ƙofa a kulle." Wannan kuka gaskiya ne, kuma shi ke mayar da mata gida. Amma gyaransa yana hannun mutanen gari. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani kaso nasa ƙananan asibitoci yake zuwa. Akwai kuma kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda aikinsa ne ya sa ido. Ku je zamansa, mata su samu kujera a ciki. Ku tambaya ko asibitinku yana cikin masu karɓar kuɗin, da abin da aka saya da shi. Ku tambaya ko akwai ungozoma mai horo da ke kwana a wurin. Sau da yawa abin da ke korar ma'aikaciya shi ne rashin ɗakin kwana da ruwa da fitila, kuma gari yana iya yin waɗannan da aikin gayya.

Ungozomar gargajiya ma tana da gurbi. Ita mata suka yarda da ita, don haka ita ta fi dacewa ta rako mai naƙuda, ta zauna kusa da ita.

Sai mota. A jihohin Arewa da dama, direbobin ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa, wato NURTW, sun samu horo a kan ɗaukar mata masu naƙuda. Ku je tasha ku tambayi shugaban direbobi. Ku kuma yi adashin gaggawa don kuɗin mai, domin idan ana bukatar tiyata ko ƙarin jini, sai an wuce babban asibiti.

Aikin aji

Kowa ya rubuta a littafinsa sunan asibitin da ya fi kusa da gidansa, da lambar wayar direba ɗaya, da sunayen 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini. Wanda hannunsa bai faɗa da rubuta lambobi ba, na kusa da shi ya taimaka masa. A zo da littafin mako mai zuwa.